Littafi ko miltimetir: wanne apranti zai fara saye?

Apranti_Bukoki:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Ni yaro ne a sana'ar kuran, ina bin ubangidana shantiye-shantiye a nan Yamai. Na iya fasa bango, na iya jan waya a gen, ina ɗaura priz da antariptar, ba-e-biyan ma ina haɗawa ba tare da an tsaya a kaina ba. Na ɗan tara kuɗi, jika goma sha biyar, kuma abu biyu ne a raina. Akwai wani littafin aikin wutar gidaje da na gani wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa, mai shema da tablo-tablo na kaurin waya, akwai kuma miltimetir mai pans. Kuɗin ba za su ɗauki duka biyu ba. Da na yi wa maigida zancen littafin dariya ya yi, ya ce takarda ta ƴan lakkwal ce, shi shekara da shekaru yana aiki bai taɓa buɗe ta ba, kuma gida bai taɓa ƙonewa a hannunsa ba. To littafin nan yana da wani amfani ga irinmu, ko in bi ta maigida?

Tsoho_Mai_Pans:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka ji ta ubangidanka. Mu da munka koyi aikin ga a hannu, turnabis-testar guda da pans munka fara da su. Sai miltimetir, shi ka ba ka abinci gobe. Na ga ƴan CAP da yawa sun zo da takardu cike da jikka, ka ce su hau tsani su ɗaura reglet, hannu na ɓari.

Mushe_Lantarki:
Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka ta nan wajen: wanda bai saba da pans ba, littafi ba zai hau masa tsani ba. Amma bari in ɗan tambayi yaron. @Apranti_Bukoki, wayar 2,5 amper nawa take ɗauka?

Apranti_Bukoki:
Mushe, abin da aka koya mini 1,5 ta fitilu ce, 2,5 ta priz, 4 ko 6 ta kilim da manyan kaya. Disjonkter 20 muke sa wa 2,5.

Mushe_Lantarki:
Madalla, haddar kowa ke nan, kuma ba ta yi nisa da ƙa'ida ba. Norm ɗin Faransa da muke koyarwa da ita, NF C 15-100, ta ce 1,5 da disjonkter da bai wuce 16 ba, 2,5 da 20, 6 da 32 don murhun lantarki. Sai dai akwai abin da haddar ba ta faɗa maka. Wayar 2,5 mai rigar PVC a cikin gen, tablo ya ba ta wajen amper 24. Wannan 24 ɗin an lissafa shi ne a kan zafin iska digiri 30. Yaushe rabon Yamai da digiri 30 da tsakar rana a watan Afrilu? Kusa da babban tablon akwai wani ƙarami da mutane ke tsallakewa: in zafi ya kai 40 sai ka yi sau 0,87, in 45 ne sau 0,79, in 50 ne sau 0,71. Duk wanda ya taɓa rarrafe tsakanin tol da plafon da ƙarfe biyu na rana ya san 50 ba ƙari ba ne. To 24 sau 0,71 ya koma 17. Ke nan disjonkter 20 ɗinka ya fi ƙarfin wayar da aka ba shi tsaro, ita za ta gasu shi yana zaune lafiya lau. In kuma ka cusa layi uku a gen guda don tsimin fasa bango, akwai wani 0,70 da ke jiranka, ka dawo amper 12. PVC digiri 70 ne iyakarta. Ba yau za ta kama wuta ba, a hankali take bushewa, ta yi tauri, ta tsattsage, bayan wasu shekaru a tashi da gobara cikin dare. Maigidanka ya ce gida bai taɓa ƙonewa a hannunsa ba, na kuwa yarda da shi. Amma wa ke neman wanda ya ja waya shekarun baya don ya gaya masa? Lambobin nan ba a ganin su a shantiye, sai a takarda.

Rabe_Kilim:
Wallahi Mushe ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni gyaran kilim da firigo nake, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na buɗe bwat na tarar da domino ya narke ya manne da waya, rigar wayar kana taɓawa tana marmashewa. Mai gida ya ce kilim ne ba shi da kyau. Kilim lafiyarsa ƙalau.

Tsoho_Mai_Pans:
Domino ka narkewa saboda ba a ɗaure bis da kyau ba, Rabe. Wanga ba zancen littafi ba ne, zancen hannu ne.

Rabe_Kilim:
Wani lokacin haka ne Baba, ban musa ba. Amma in ɗaurin ne kaɗai, wajen dominon zai ƙone ya bar sauran. Wanda nake faɗa, tsawon wayar gaba ɗaya ya canza launi.

Dan_Ader_Tawa:
Salamu alaikum daga Tawa. Ni dai ga abin da na gani da idona. Wani maƙwabcinmu ya sawo mota ta injin niƙa mai faz uku, anka kira wani wanda kowa ya yarda da hannunshi a aikin gida, aikinshi tsaf babu waya a waje. Ya buɗe bwat ɗin motar, ya ga ƙusoshi shida da baret uku, ya jera su a tsaye kamar yadda ya taɓa gani a wani wuri. Anka tada, ta yi gurnani, ba a gama niƙa tiya biyu ba hayaƙi ya tashi. A jikin plak an rubuta 220/380. Ga wanda ya karanta, ma'anar ita ce kowane bobin 220 ya ka ɗauka, don haka a layin 380 etuwal za a haɗa, baret a kwance. Shi ya yi tiriyangil, ya ɗora wa kowane bobin 380 cif. Shafi guda ne a kowane littafin koyo, da zane ma. Kuɗin rebobinaj ɗin da anka biya sun sai littafi nawa?

Na_Bobinaj:
@Dan_Ader_Tawa don Allah ku daina tona wannan, da irin su muke cin abinci 😂

Dan_Ader_Tawa:
Awo, kai dai ba ka son kowa ya yi karatu.

Sani_Zongo:
Duk na ji, amma ku faɗa wa yaron gaskiya ɗaya: littattafan nan da Faransanci suke, kuma ba Faransancin kasuwa ba. Yawancin aprantin da na sani a CM2 suka tsaya, wasu ma allo kawai suka yi. Mutum ya kashe jika goma a kan abin da zai zama matashin kai? Ku da kuka yi Issa Béri ko Dan Kassawa ta Maraɗi ko EMIG abin yana zo muku da sauƙi.

Hadiza_Sola:
Malam Sani, ni a CFM na fara kuma Faransancina a lokacin bai taka kara ya karya ba. Abin da na gane shi ne ba a karanta irin wannan littafi daga farko zuwa ƙarshe kamar labari. Rabinsa zane ne da lambobi. Alamar antariptar, alamar priz, alamar disjonkter, in ka riƙe kamar guda talatin ka iya karanta plan ɗin gida. Ranar da aka miƙo maka plan a shantiye ka iya bi da yatsa ka ce ga tablo, ga layin kicin, ranar nan ka fita daga sahun masu fasa bango. Wanda bai iya ba, ko ya fi ka hannu, kai za ka riƙa nuna masa inda zai fasa. Abin da ya shige maka duhu kuma ka ɗauki hoton shafin ka tambayi wanda ya sani, ba abin kunya ba ne.

Sani_Zongo:
Hadiza ke kin yi sa'a kin samu mai yi miki bayani. Ni dai da za a samu mai rubuta mana ɗan ƙaramin littafi da Hausa, ko shafi arba'in, da lambobin nan na Mushe a ciki, da an taimaki dubban yara daga Yamai har Damagaram.

Mushe_Lantarki:
Wannan magana ce, Malam Sani. Aiki ne mai nauyi amma ba gagarau ba ne.

Abdul_Konni:
Ni shawarata ya bar takarda, waya ta wadatar. YouTube cike yake da bidiyo, har da Hausa akwai ƴan Najeriya da ke koyarwa kyauta. Kana gani da ido ana haɗawa, gani ya kori ji.

Injiniya_Harobanda:
@Abdul_Konni a nan ne fa ake faɗawa rami. Bidiyo ba ya gaya maka daga wace ƙasa yake magana. Najeriya tsarin Ingila take bi. A tsohon tsarin Ingila ja shi ne faz, baƙi shi ne notir, kuma duk da Ingila ta koma ruwan ƙasa da shuɗi tun wajen 2004 zuwa 2006, ja da baƙi suna nan cike da kasuwa da gidaje. A tsarin da muke bi nan, shuɗi ne notir, kore-da-rawaya ne ter, baƙi kuwa yana iya zama faz. In bidiyon daga Amurka ne, baƙi faz ne, fari notir, wutarsu 120 ce a kan 60 hertz, kaurin waya ma da lambar AWG suke faɗa, wadda in lambar ta ƙaru wayar sirancewa take yi. Yaro ya kalli uku a dare ɗaya, da safe ya je gidan mutane ya kama baƙar waya da hannu yana cewa notir ce. Kai da ke Ƙonni ka fi kowa sanin gidajen da rabi aikin ɗan can ne rabi na ɗan nan. Ingila har suna da tsarin priz na zobe, 2,5 da disjonkter 32, saboda wayar ta fita ta zagaya ta dawo tablo, kuma kowace fish tana da fizibil a cikinta. Ka kwaikwayi 32 ɗin a layi miƙaƙƙe irin namu ka ga aiki. Littafi aƙalla yana faɗa maka a bangonsa ƙa'idar wace ƙasa yake bi da shekarar da aka buga shi.

Abdul_Konni:
To ai shi ya sa miltimetir ya fi. Ko wane launi ne, ka auna ka sani.

Injiniya_Harobanda:
A nan kam na ba ka gaskiya. Kada ka yarda da launi sai ka auna.

Tsoho_Mai_Pans:
Kun dai dawo kan maganata.

Hadiza_Sola:
Baba ba mu dawo ba tukuna 😄 Miltimetir lamba zai nuna maka, ba zai ce maka lambar ta yi ko ba ta yi ba. Misali: famfon foraj a lambu, mita 60 daga kontar, yana jan amper 10. Ka auna a bakin famfo ka ga 200 da ɗan wani abu, ka ce ai kuran ne ba shi da ƙarfi yau. Wanda ya san lissafin faɗuwar tansiyon zai ce tsaya: 2 sau 0,0225 sau 60 sau 10, a raba da kaurin waya. In 1,5 ce bolt 18 sun zube a hanya, kashi 8 cikin ɗari ke nan, alhali ƙa'ida ta ce kada a wuce 5, fitilu ma 3. In 2,5 ce kusan 11, da ƙyar ta shiga. In 4 ce bai kai 7 ba. Ka ga tun kafin a sai waya ya san wadda za a saya. A sola abin ya fi muni. Tun da aka yanke layin Najeriya a watan Agustan 2023 kowa ya zama mai haɗa pano a garin nan. A bolt 12, amper 10 a kan mita 5 na wayar 2,5 yana cin kusan bolt 1, wanda a 220 ba komai ba ne amma a 12 ya haura kashi 7. Konbertiser mai wat 1000 kuwa yana zuƙar sama da amper 80 daga batir. Na sha tarar da an haɗa shi da wayar 4, rigar ta yi laushi, kana kusantowa kana jin wari. Sannan a sa disjonkter na gida a layin pano, ba a san wutar batir da pano ba ta sauka sifili yadda ta kontar ke yi ba, tartsatsin in ya kama ba ya mutuwa da sauƙi.

Dan_Ader_Tawa:
Hadiza ta faɗi gaskiya. Nan wajenmu tun da anka buɗe tashar sola ta Malbaza a 2018 yara da yawa sunka sa rai da aikin ga, ga kuma masu lambun albasa da ke barin injin mai suna komawa famfon rana. Aiki akwai. Amma mai lambu in ka ƙona mishi kontrola sau ɗaya, duk ƙauyen ya ji.

Hajiya_Mai_Haya:
Ni ba mai aikin wuta ba ce, gidajen haya gare ni, amma ku bar ni in sa baki. Ku masu littafi debi ɗinku tsada gare shi. Ɗaya ya zo ya rubuta mini difaransiyel, ya rubuta piket, ya rubuta waya kala uku. Wani ya zo ya ce rabin kuɗin zai yi kuma wuta ta kama. Ku gaya mini dalilin da zan ɗauki na farko.

Injiniya_Harobanda:
Hajiya, ranki ya daɗe, wuta za ta kama a duka biyun. Bambancin sai ranar da firigo ko injin wanki ya fara zubar da wuta a jikinsa, yarinya ta taɓa da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi. Disjonkter na 16 ko 20 waya yake tsaro, ba mutum ba, ba zai faɗi ba sai an wuce amper ɗinsa. Mutum kuwa daga wajen miliamper 10 hannunsa ke ƙanƙamewa ya kasa saki, in ya haura 30 ya daɗe numfashi da zuciya ne ke cikin hatsari. Shi ya sa aka yi difaransiyel na miliamper 30. Shi ne abin da na biyun ya cire miki a debi, shi da waya ta uku.

Hajiya_Mai_Haya:
To ai na farkon bai yi mini wannan bayanin ba, cewa ya yi haka norm ta ce. Ni ina ruwana da norm.

Mushe_Lantarki:
Hajiya kin ba ɗalibaina darasi kyauta. Wanda ya karanta ya kasa mayar da shi maganar da mai gida zai gane, rabin karatu ya yi.

Tsoho_Mai_Pans:
Tun da an zo zancen ter, bari in tambayi masu takarda. Littafinku ya san ƙasar Ader? Ya san yashin Lazare a watan huɗu? Mu muna gina rami, mu kafa piket, mu zuba gawayi da gishiri, mu kwarara ruwa. Wane shafi ya koya muna wanga?

Injiniya_Harobanda:
Baba, littafin bai san Lazare ba, amma ya san yashi. Akwai tablon juriyar ƙasa iri-iri, laka, yashi, dutse, ya kuma ba da lissafi mai sauƙi: juriyar ƙasar a raba da tsawon piket. Busasshiyar ƙasa mai 500, piket mai mita 2, kana da wajen om 250. Ƙa'ida kuwa ta ce in babban disjonkter na miliamper 500 ne, kada ter ya wuce om 100, don bolt 50 a raba da rabin amper 100 ke nan. Ka ga piket guda bai isa ba, sai a ƙara wasu nesa da juna a haɗe su, ko tun ana gina fondasiyon a shimfiɗa tsirarar wayar tagulla mai 25 ta zagaye gidan. Wannan ta fi komai arha in an tuna da ita kan lokaci. Gishiri yana saukar da lambar ranar da aka zuba, gaskiya ne, amma yana cin ƙarfen, damina kuma tana wanke shi.

Tsoho_Mai_Pans:
Ramin da na yi tun kana lakkwal yana nan yana aiki.

Injiniya_Harobanda:
Allah ya ja kwana Baba. An auna shi da rani?

Na_Bobinaj:
Injiniya ka bar tsoho ya huta mana 😂 Na'urar auna ter ɗin ma mutum nawa ke da ita a unguwarku?

Apranti_Bukoki:
Na gode ƙwarai iyayena, na ƙaru fiye da yadda na zata. Na koma wajen mai littafin na duba kamar yadda Injiniya ya ce. Bugun Faransa ne, amma ya tsufa, a ciki an ce priz 5 a layin 1,5, priz 8 a layin 2,5. Wani abokina ɗan lise ya ce musu an koya 8 da 12. Wanne ne daidai? Kada in sai abin da ya wuce zamani.

Mushe_Lantarki:
Duka biyu daidai ne a zamaninsu. Bugun 2002 ya ce 5 da 8, gyaran da aka yi a 2015 ya mayar da su 8 da 12. Irin waɗannan ne ke canzawa: yawan priz, yawan difaransiyel, tsarin banɗaki. Dokar Om ba ta canza ba, tablon zafi bai canza ba, etuwal da tiriyangil suna nan yadda suke. Kuma a wannan wurin tsohon ya fi tsanani, in ka bi shi ba ka yi laifi ba. Da zafinmu ma ni na fi son 8 a kan 2,5. Ka taya shi da rahusa tunda tsoho ne, ka duba dai shafukan tablo ba su yage ba.

Sani_Zongo:
Ko kuma kada ya sai ko ɗaya da tsada. Kamfanoni irin Schneider Electric da Legrand suna sakin jagororinsu kyauta a intanet. A tura masa PDF, ya je wajen masu fotokopi ya fitar da shafi ashirin da yake buƙata, a yi masa reliyur. Sauran kuɗin ya sai miltimetir.

Hadiza_Sola:
Haka na yi nima daga baya, amma ku lura, jagoran kamfani na wanda ya riga ya san hanya ne, kuma kayansu suke tallatawa. Mai farawa yana son littafin da ke bi da shi mataki-mataki, da atisaye a ƙarshen babi. PDF a waya kuma, a kan rufi da rana tsaka ba ka ganin allo, hannu duk siminti, caji ya ƙare. Ni ƙaramin karne gare ni a aljihun riga, na kwafe tablo huɗu a ciki da biro, da lissafin faɗuwar tansiyon a bangon baya. Kwafewar ma ita ta sa suka zauna mini.

Mai_Kanti_Katako:
Ni mai sai da kayan wuta ne, bari in faɗi nawa. Yaron da ya yi karatu daga tambayarsa nake gane shi. Ba ya cewa ba ni waya mai kyau, cewa yake ba ni in gani, ya fere bakin ya kankare da wuƙa. In ciki ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, kuma alminiyom juriyarsa ta fi ta tagulla da fiye da rabi. Wani har da piye-a-kulis yake zuwa, don ya san 2,5 ta gaskiya mai ƙwaya ɗaya kaurin ƙarfenta milimita 1,8 ne saura kaɗan, 1,5 kuma wajen 1,4. Akwai rulo da ke yawo an rubuta 2,5 a jiki, roba ce ta yi kauri, ƙarfen ciki bai kai ba. Duk tablon Mushe a kan wayar gaskiya aka yi shi. In wayar ta ƙarya ce lissafin ya tashi a banza.

Abdul_Konni:
Alhaji, kai wacce kake sayarwa? 👀

Mai_Kanti_Katako:
Duka biyu akwai a kasuwa, kowa da kuɗinsa. Ni dai ina faɗa wa mutum abin da ya saya kafin ya fita.

Tsoho_Mai_Pans:
Kankare waya da wuƙa, wanga mu munka koya wa yara, ba littafi ba. Yaro, abu guda zan ƙara ma: ko me ka karanta, kada ka je ka tsaya gaban mutane kana gyara wa ubangidanka magana. Ka bari sai kun keɓe, ka kawo shi a matsayin tambaya. Yara da yawa sun rasa wurin koyo saboda baki.

Mushe_Lantarki:
Wannan kam babu littafin da ya fi Baba faɗarsa. @Apranti_Bukoki ka riƙe. Kuma ka gwada nuna wa maigidan tablon zafin nan wata rana kuna hutawa, ka ce Mushe ne ya ɗaure maka kai da shi. Sau da yawa irinsu sun riga sun san abin ta hanyar aiki, za ka ji ya ce ai shi ya sa ba ya yarda da 2,5 a dogon layin kilim.

Apranti_Bukoki:
In sha Allah Baba, na ji. Mushe, haka ne kuwa, kilim ko ƙarami ne 4 yake sa masa, bai taɓa faɗin dalili ba. Har yanzu dai ban yanke ba, mai littafin ya ce jika takwas, miltimetir ɗin da nake so kuma sha biyu.

Na_Bobinaj:
Miltimetir mai pans na jika sha biyu? Ka duba ko yana auna amper na gaske, ka gwada shi a kan wani abu da ka san jansa tun a kantin. Ka duba jikinsa ko an rubuta CAT III. Wasu wayoyin gwajin ma siraran banza ne.

Rabe_Kilim:
Tunda masu littafi suna kusa, ku warware mini wata. Kilim mai shebo biyu, ba inbata ba, disjonkter 16 yana faɗuwa duk lokacin da kompreser zai tashi, musamman da rana in tansiyon ya yi ƙasa. In ya samu ya tashi amper 8 zuwa 9 yake ja, lafiya lau. Abokin aikina ya ce a sa 32 a huta.

Injiniya_Harobanda:
Kada ku sa 32 in ba wayar 6 ce a bangon ba. Duba harafin da ke gaban lambar. Mai C yana faɗuwa nan take a tsakanin ninki 5 zuwa 10 na amper ɗinsa, mai D sai daga ninki 10. Kompreser kuwa a daƙiƙar tashi yana jan ninkin abin da yake ci sau da yawa, ka duba LRA a plak ɗinsa. Amma kafin ka canza komai, auna kondansater, ka kuma auna tansiyon a bakin kilim ɗin lokacin da yake ƙoƙarin tashi. Wayar nawa ce, kuma mita nawa daga tablo?

Rabe_Kilim:
2,5 ce. Tsawon sai na koma gidan gobe na auna, tablon yana can bakin garaji, ɗakin kuma a sama yake.